Injin lesa ya daina yanka siriri: shin sai an sayi sabon lensi mai tsada?

Tambaya: Wani ɗan'uwa ya rubuto daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ta Jihar Jigawa. Ya sayi injin lesa na hannu a Kano, mai ƙarfin wat 60, irin mai dogon bututun gilashi a bayansa. Da shi yake zana suna a kan fata da ƙwarya, yana kuma yankan filawud da akirilik don allunan makarantu da kayan rabon biki. Tun ranar da ya cire lensin ya goge ya mayar, layin ya yi kauri, gefensa yana ƙonewa. A kusurwa ɗaya ta teburin injin wutar tana huda katako, a ɗaya kusurwar ba ta hudawa. Da safe aiki yakan fara da kyau, bayan rabin awa sai ya lalace. Wanda ya sayar masa da injin ya ce matsalar sunanta abareshan, kuma maganinta sai lensi mai tsada da ake kira asferik. Yana son sanin mene ne abareshan ɗin, yaya ake gyara shi, kuma ya sayi lensin ko kada ya saya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a cikin sana'a. Kafin komai, ka riƙe kuɗinka tukuna. Abareshan gaskiya ne, ba ƙirƙirar ɗan kasuwa ba ce, amma abin da ka zayyana ciwo uku ne daban-daban, kuma lensin asferik maganin ciwo ɗaya ne tak, wanda a irin injinka shi ne mafi ƙanƙanta. Zan bi da kai a hankali har ka ga dalili da idonka, domin na fi so ka iya karanta tabon da wuta ta bari a kan katako da kanka, a maimakon ka dogara da maganata ko ta mai shago.

Ka tuna wasan da muke yi muna yara, mu sami gilashin tsohon tabarau mu tara hasken rana a kan busasshen kara har ya yi hayaƙi. Aikin lensin injinka ke nan: ya karɓi haske mai faɗi, ya lanƙwasa shi, ya tara shi a wuri ɗaya. Wannan wurin shi zan riƙa kira matattara, masu gyara kuma suna cewa fokas. A littafin makaranta ana zana matattara kamar ɗigo ɗaya. A zahiri hasken yana tsukewa ne a hankali sannan ya sake buɗewa, kamar jikin kalangu, kuma ƙugun kalangun nan shi ne yake yi maka yanka. Duk abin da ya hana hasken haɗuwa a ƙugu ɗaya, wani ya riga wani ko wani ya kauce gefe, shi ake kira abareshan. Mu kira shi aibin lensi.

Wani masanin lissafi Bajamushe, Ludwig von Seidel, ya rarrabe waɗannan aibobi gida biyar a shekarun 1850, kuma har yau da rabonsa ake koyarwa. Na farko a cikinsu shi ne wanda mai shagonka yake nufi, don haka a nan zan fi daɗewa.

Kusan duk lensin da za ka gani a kasuwa, fuskarsa yanki ce ta ƙwallo, kamar ka yanko ɗan faifai daga jikin duma. Ba don siffar ƙwallo ta fi kowace iya tara haske ake yin haka ba, sai don ita ce ta fi sauƙin gogewa. Duk dutse biyu da aka daɗe ana gugar juna da su ta kowace fuska, ɗaya zai lotsa ɗaya ya tasa, kuma siffar da za su ɗauka ta ƙwallo ce, domin ita ce za ta bar su suna zamewa a kan juna ko ta ina aka juya. Haka ake yin lensi tun ɗaruruwan shekaru. Matsalar ita ce fuskar ƙwallo tana lanƙwasa hasken da ya bi ta gefenta fiye da kima. Wanda ya bi ta tsakiya zai je ya taru a inda ya dace, wanda ya bi ta gefe kuwa zai riga shi taruwa, kusa da lensin. Maimakon matattara ɗaya sai ka sami jerin matattarai a bayan juna, kuma duk inda ka ajiye katakonka, wani hasken ya taru, wani bai kai ga taruwa ba, wani ya riga ya watse. Abin da za ka gani shi ne ɗigo mai zafi a tsakiya da wani lullumi kewaye da shi yana babbaka gefen yanka. Wannan shi ne aibin ƙwallo.

Abin yana faranta mini rai duk lokacin da na zo nan a aji, domin malaman da suka fara kama bakin zaren a ƙasashen Musulmi suke. A shekarar 984, a Bagadaza, Ibn Sahl ya rubuta risala a kan madubai da gilasai masu ƙonawa. A cikinta ya fitar da ƙa'idar lanƙwasar haske, sama da shekara ɗari shida kafin a jingina ta ga Snell a Turai, kuma ya lissafa siffar fuskar da za ta tara haske a wuri ɗaya ba tare da wannan aibi ba. Wato lensin asferik da ake son sayar maka, lissafinsa ya haura shekara dubu. Bayansa Ibn al-Haytham, wanda aka haifa a Basra ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi nazarin ƙwallon gilashi mai ƙonawa ya nuna cewa hasken da ya ratsa ta ba a ɗigo ɗaya yake haɗuwa ba. Sanin siffar bai yi wuya ba kamar sassaƙa ta, kuma wahalar sassaƙar ce ta sa har yau lensin asferik yake da tsada.

Yanzu ga lissafin da zai raba gardama. Akwai abu biyu da ke ja-in-ja wajen ƙayyade faɗin ƙugun kalangun nan. Na farko ɗabi'ar hasken kansa ce. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na bayansa ita ce tsawon zangonsa, kuma ko da lensin da babu aibi ko ɗaya a jikinsa ba za ka iya matse shi fiye da wani haddi ba. Faɗin ɗigon yana kusan daidai da 1.27, sau tsawon zangon hasken, sau nisan matattarar lensin, a raba da faɗin hasken da ya faɗo a kan lensin. Injinka mai iskar CO2 ne, irin wanda Kumar Patel ya ƙirƙiro a 1964, kuma tsawon zangon haskensa maikiromita 10.6 ne, wato milimita 0.0106. Idan lensinka na inci 2 ne, wanda shi aka fi sa wa irin waɗannan injuna, nisan matattararsa milimita 50.8 ke nan. Mu ɗauka faɗin hasken milimita 6 ne. Ɗigon zai fito kusan milimita 0.11, ya ɗara kaurin gashin kai kaɗan. Babu lensin inci 2 da zai ba ka ƙasa da haka da wannan hasken, komai tsadarsa.

Na biyu shi ne aibin ƙwallo. Shi kuma girmansa yana tafiya ne da faɗin hasken sau kansa, a sake yin sau kansa, a raba da nisan matattara sau kansa. Ma'ana idan faɗin hasken ya ninka biyu, lullumin zai ninka takwas. A lensinka, idan an ɗora shi daidai, haske mai faɗin milimita 6 zai ba da lullumi na wajen milimita 0.002 kawai. Ka ajiye wannan kusa da 0.11 ka gani. Ko an ba ka lensin asferik kyauta, abin da zai cire maka ke nan, kuma idonka ba zai taɓa ganin bambancin ba a kan filawud.

Inda asferik yake da amfani na gaske shi ne inda aka buɗa hasken da gangan. Ka ɗauki wanda ya sa na'urar faɗaɗa haske ya kai shi milimita 20, ya kuma sa gajeren lensi na inci 1.5 don yana son zane siriri ƙwarai. A lissafin farko ɗigonsa ya kamata ya sauko zuwa milimita 0.026, amma aibin ƙwallo zai haura ya kai wajen 0.16, wato ya fi inda ya baro muni. Wannan mutumin shi ne yake bukatar asferik, ko haɗin lensi biyu zuwa uku da za su raba aikin lanƙwasawa a tsakaninsu. Haka abin yake a idon na'urar CD da DVD da masu gyaran rediyo suke canzawa: ɗan ƙaramin lensin nan na roba asferik ne, domin yana tara haske daga kusurwa mai faɗi sosai a kan ramukan da ba su kai maikiromita ɗaya faɗi ba. An samu sauƙinsa ne saboda zuba shi ake yi a mazubi, miliyoyi a kan siffa ɗaya.

To me ya faru ranar da ka goge lensin? Zatona mafi ƙarfi shi ne ka mayar da shi a kife. Lensin injinka ba gilashi ba ne, domin gilashi yana shanye hasken CO2 gaba ɗaya. Wani dutse ne mai ruwan ɗorawa da ake haɗawa daga zinki da seleniyam, ana rubuta shi ZnSe. Yana zuwa iri biyu: mai fuska ɗaya a tashe ɗaya a shafe, da kuma mai siffar ƙoƙo, fuska ɗaya a tashe ɗaya a lotse kaɗan. Ko wanne ne, tudun yana kallon sama, inda hasken yake fitowa, shafaffen ko lotsattsen gefen kuma yana kallon katako. Dalili shi ne a raba nauyi. Idan tudun yana sama, hasken zai lanƙwasa kaɗan wajen shiga, ya ƙara kaɗan wajen fita. Idan ka kife shi, hasken zai ratsa shafaffiyar fuskar a miƙe ba tare da ta yi komai ba, duk aikin ya faɗa a kan fuska ɗaya, kamar a ɗora wa jaki ɗaya kayan jakai biyu. A lensin gilashi kifewa tana ninka aibin ƙwallo kusan sau huɗu. A na ZnSe mai shafaffiyar fuska sau uku da 'yan kai, a mai siffar ƙoƙo kuwa kusan sau takwas. Sannan akwai abin da ya fi wannan tasiri a injinka: kifewar tana gusar da matattarar daga inda take da kamar milimita ɗaya ko fiye. Tsawon ƙugun kalangun lensin inci 2 gaba ɗayansa bai wuce milimita 2 ba. Idan har yanzu da tsohon ma'auninka kake saita tsayin kan injin, to a wajen ƙugun kake yanka.

Ka kashe injin, ka ciro lensin da safar hannu, ka kalli fuskarka a cikinsa. Gefen da ya nuna ka ƙarami kamar a bayan cokali shi ne tudun, shi zai kalli sama. Wajen ɗaure zoben da ke riƙe shi, ka tsaya da zarar ya daina motsi. ZnSe yana da laushi, matsi yana murɗa shi, kuma lensin da aka murɗa yana haifar da nasa aibin. Bayan haka ka nemo matattarar da kanka: ka jingina ɗan falanki a karkace, gefe ɗaya a kan teburin, ɗaya gefen a kan wani abu mai tsayin yatsa, ka sa injin ya ja layi ɗaya a kansa da wuta kaɗan. Layin zai fara da kauri, ya sirance, ya sake kauri. Ka auna tazarar bakin nozul, wato ɗan hancin da wuta take fitowa ta cikinsa, zuwa inda ya fi siranta, ka yanko ɗan katako daidai wannan tsayin ya zama sabon ma'auninka.

Batun kusurwa ɗaya tana yanka ɗaya ba ta yi, wannan ya kai mu ga aibi na biyu da na uku, waɗanda suke tasowa idan haske ya shigo lensi a karkace. A injinka bututun yana zaune wuri ɗaya, madubai uku ne suke miƙa hasken har kan da yake yawo. Idan madubi ɗaya ya goce ko da ƙyas, a kusa ba za ka lura ba, amma a kusurwa mai nisa gociyar ta girma, kamar mai harbi da kibiya da ya kauce kaɗan a hannu, ya kauce da yawa a wurin bara. Hasken da ya zo a karkace yana ba da ɗigo mai kai da jela kamar tauraruwa mai wutsiya, shi ya sa nake kiransa aibin wutsiya. Idan karkatar ta yi yawa sai ɗan'uwansa ya shigo, wanda likitocin ido suke kira astigimatizim: hasken kwance ya taru a tsayi ɗaya, na tsaye ya taru a wani tsayin. Alamarsa ba ta ɓuya. Ka harba ɗigo a sama da matattara kaɗan, ka harba wani a ƙasa da ita. Idan na farko ya fito kamar ƙwai a kwance, na biyu kamar ƙwai a tsaye, shi ne. Za ka kuma lura layin da injin ya ja daga gabas zuwa yamma ya fi na kudu zuwa arewa kauri, ko akasin haka. Idan kuwa ɗigon ya fito kamar jinjirin wata, hasken yana dukan bakin nozul ne, rabinsa bai ma fito ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sabon lensi zai gyara, kuma asferik ya fi lensin da kake da shi ƙin karkata. Maganin saitin madubai ne. Ka liƙa salatif na takarda a bakin ramin da ke gaban madubin, ba a kan madubin kansa ba. Ka harba sau ɗaya kan injin yana kusa, ka tura shi can nesa ka sake harbawa. Ka yi ta juya sukurorin madubin da ke baya har tabo biyun su hau kan juna. Ka gama da madubi na farko kafin ka taɓa na biyu, sannan na uku, har hasken ya sauka a tsakiyar lensin a tsaye cak a duk kusurwoyi huɗu. Aikin yana cin yini guda a karon farko, kuma ya cancanci yinin. Kada ka manta da teburin kansa. Injin da ya sha hanya a bayan a-kori-kura daga Kano zuwa Ringim, aka kuma ajiye shi a daɓen da bai daidaita ba, zai yi wuya teburinsa ya zauna daidai. Ka auna da ɗan katakon ma'auninka a kusurwoyi huɗu. Bambancin milimita 2 kawai ya isa ya hana yanka.

Game da ƙwarya, ita ba laifin lensi ba ne ko kaɗan. Bayanta a tashe yake, tsakiyar zanen tana cikin ƙugu, gefensa ya faɗa ƙasa. Lensi mai nisan inci 4 yana ba da ɗigo mai faɗi ninki biyu, amma ƙugunsa ya fi tsawo ninki huɗu, wajen milimita 8. Idan akwai lensin da zan ce ka saya, wannan ne, na ƙwarya da katako mai kauri, kuma ba shi da tsadar asferik.

Sauran aibobi biyu na Seidel ba su shafi injinka ba, amma za su shafe ka ranar da ka sayi ƙaramin injin nan mai rubutu a kan ƙarfe, zobe da cokula da lambar babur. A cikinsa kan ba ya yawo, madubai biyu ne ƙanana suke kaɗa hasken. Ka ga akuya a turke: igiyarta tsawo ɗaya ce, don haka iyakar kiwonta da'ira ce. Haka matattarar lensi take, idan aka kaɗa hasken sai ta zana kwano, alhali farantin da ake rubutu a kansa a shimfiɗe yake. Ga kuma murɗewar siffa, inda murabba'i yake fitowa da kumburarren ciki ko tsukakke. Ana gyara su da wani haɗin gilasai da ake kira F-theta, wanda yake shimfiɗe kwanon, kuma da gangan aka sa masa murɗewa daidai gwargwado don tafiyar ɗigon ta yi daidai da juyawar madubin. A wannan sana'a sau da yawa da aibi ake kashe aibi. Haka kuma ƙananan injunan nan masu shuɗin haske na dayod, su da astigimatizim ake haifarsu, domin hasken yana fitowa ne ta wata 'yar tsaga mai tsawo, yana buɗewa da sauri ta gefe ɗaya fiye da ɗayan. Ana daidaita shi da lensi mai siffar gora da aka tsaga biyu, wanda yake lanƙwasa haske ta fuska ɗaya kawai.

Akwai kuma aibin launi, wato lensi ya tara kowane launin haske a wuri daban, wanda ya sa Newton ya haƙura da lensi ya ƙera madubin hangen nesa mai amfani da madubi a 1668, har sai da aka gano haɗa gilashi iri biyu, wanda John Dollond ya yi wa rajista a Ingila a 1758. Hasken lesa launi ɗaya ne, don haka wannan bai cika damun mu ba. Abin lura ɗaya ne: jan ɗigon da yake nuna maka inda wuta za ta sauka launinsa daban ne da hasken da yake yanka, kuma idan ta cikin lensin yake bi, ba a tsayi ɗaya suke taruwa ba. Kada ka saita matattara da shi.

Saura ciwo na uku, wanda a ƙasarmu nake ganin shi ne babba, kuma ba ya cikin lissafin Seidel domin shi lensi mai sanyi ya lissafa. Lensi mai tsabta kusan duk hasken yake bari ya wuce. Da zarar ƙurar hunturu ta zauna a kansa, ko hayaƙin filawud mai danƙo, ko ruwa da mai daga kwamfiresa, sai dattin ya riƙa shan wuta. Tsakiyar lensin ta yi zafi fiye da gefensa, ta kumbura kaɗan, ƙarfin lanƙwasawarta ya ƙaru. Sai ya zama kamar an saka wani ƙaramin lensi a cikin naka, matattarar ta hau sama ta bar katakon, kuma tunda zafin ba daidai yake ko'ina ba, ya zo da nasa aibin ƙwallon. Shi ya sa da safe lafiya lau, bayan rabin awa aiki ya ɓaci. Idan aka bar shi haka, siririn shafen da aka yi wa fuskar lensin yana ƙonewa, daga nan sai tsagewa.

Amma akwai wani abu da yake kama da wannan, kuma dole ka rarrabe su. Bututun gilashin yana son ruwan sanyaya shi ya zauna wajen digiri 20, kada ya wuce 25 da yawa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Jigawa yake haura digiri 40, bokitin ruwan da ke bayan injin yana ɗumama cikin ɗan lokaci, ƙarfin wutar ya ragu. Gwajin falankin nan zai raba maka su. Ka yi shi da safe, ka sake yi idan aikin ya lalace. Idan siririn wurin ya gusa, lensi ne yake zafi. Idan yana nan inda yake amma layin ya dusashe, ruwa ne. Na ruwa, ka sa ma'aunin zafi a bokitin, ka riƙa jefa robar ƙanƙara a rufe, ka mayar da yanka mai nauyi zuwa sanyin safiya ko bayan la'asar.

Wajen goge lensi, ka fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska, ba da bakinka ba. Ƙurar hunturu yashi ce, ta fi lensin tauri nesa ba kusa ba, idan ka goga a kanta ka yi masa zane. Sannan ka ɗiga sinadarin aisofurofil ko asiton a kan takardar goge lensi, ka ja ta sau ɗaya a hankali, ka yar, ka ɗauki sabuwa. Ban da bakin riga, ban da fetur. Ka sa matatar ruwa a bututun iskar kwamfiresa, ka kuma rufe injin da zane idan ba ya aiki. Idan ka ɗaga lensin a haske ka ga tabon da ba ya fita, ko bakan gizo a tsakiyarsa, ya gama aiki, ka sayi irinsa na daidai kuɗi.

Don ka san aibin ƙwallo ba abin rainawa ba ne a inda yake da iko: madubin hangen sararin samaniya na Hubble da Amurka ta harba a 1990, faɗin madubinsa mita 2.4, an goge gefensa ya shafe fiye da kima da kamar maikiromita 2, abin da bai kai ɗaya bisa goma na kaurin gashi ba. Hotunansa suka fito da lullumi, sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka je suka saka masa ƙananan madubai masu kishiyar aibin, kamar a yanka wa mutum tabarau. Manyan injunan lesa masu dubban wat kuma sukan bar lensi gaba ɗaya su koma madubin tagulla mai siffar farantin dish ɗin da ke kan rufin gidaje, ana sanyaya shi da ruwa ta baya, domin wannan siffar tana tara hasken da ya zo mata a miƙe a wuri ɗaya, kuma madubi ba ruwansa da launi. A manyan ɗakunan bincike har akwai madubi mai motsi, wanda na'ura take auna karkacewar hasken tana lanƙwasa fuskarsa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya. Horace Babcock ne ya kawo shawarar a 1953 don masu kallon taurari, kuma irin wannan awon ne likitocin ido suke amfani da shi a yau kafin su gyara ido da lesa.

Abu na ƙarshe ya shafi lafiyarka, kuma ina roƙonka kada ka ɗauke shi da wasa. Hasken injinka ba a ganinsa, don haka duk gwajin da na faɗa ka yi shi murfi a rufe, ko da tabaran kariya na wannan hasken, kuma kada yara su tsaya kusa. Lensin ZnSe idan ya fashe ko ya ƙone, garinsa da hayaƙinsa guba ne. Ka kashe injin, ka bar iska ta shiga, ka kwashe da safar hannu da jiƙaƙƙen tsumma, ka ƙulle a leda. A wajen fata kuma, wadda majemanmu suka jeme da bagaruwa ita ta dace da wuta. Wadda aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta hayaƙinta yana da illa, fatar roba ta kujeru da jakunkuna kuwa yawancinta PVC ce, tana fitar da iska mai cin huhu, mai kuma cin madubai da lensin da muke ta ƙoƙarin karewa.

Idan ka juya lensin, ka saita madubai, ka daidaita teburin, ka harba ɗigo biyar a kan farin kwali daga sama da matattara zuwa ƙasa da ita, tazarar milimita ɗaya-ɗaya, a kusurwar kusa da kuma ta nesa. Ka ɗauki hotonsu da waya ka turo mini tare da zafin ruwan bokitin a lokacin, mu duba siffarsu tare.